Layin da Na Zaci Sallama Ce

A yau idan tsohuwa a Gwashi tana da magana da ɗanta da ke wata ƙasa, waya ake miƙa mata, ta faɗi abin da ke ranta, kafin ta gyara zama an ji ta a can. Da ba haka ba ne. A farkon shekarun dubu biyu murya tafiya take yi kamar mutum. A ɗauke ta a kaset, a naɗe a tsumma, a jira matafiyi amintacce, ta kwana a tasha, ta ƙetare iyaka, in da rabo ta isa bayan wata biyu. Wayar hannu ta shiga birane, amma ba ta iso mu ba tukuna.

Ni a lokacin na dawo gida Gummi na zauna, bayan shekaru masu yawa ina aikin waya a ƙasashen mutane. Da tangaraho na fara a Legas, na yi aikin teles, injin da ake buga saƙo da shi ta waya, a Yamai da Khartum, na ƙare a wani kamfanin jiragen ruwa a Jidda, inda kwamfuta ta same ni da furfurata. A hanya na tsinci Faransanci da Larabci da Zabarmanci, ban da Turancin makaranta da Fulatancin da na taso ina ji a bakin maƙwabta. Da na dawo sai zaman ya yi mini yawa. Gonar shinkafarmu ta fadama ƙannena ke riƙe da ita, kuma sun fi ni saninta. Sai na ƙirƙiro wa kaina aiki. Na buɗe ɗan shafi a intanet domin mutanen Gummi da Bukkuyum da Anka da ke zaune a waje, ina rubuta wanda aka haifa, wanda ya rasu, inda ruwan gulbi ya kai bana, da ko shinkafa ta yi.

Shafin yana zaune ne a wata kwamfuta a ƙasar Turai, irin wadda ake kira saba, wadda aikinta kawai ta ajiye kaya ta miƙa wa duk wanda ya tambaya. Ban taɓa ganin ta da idona ba. Duk Alhamis nakan shiga mota in bi ta Anka in je Gusau, inda akwai shagon intanet, in zuba labaran mako in dawo. Da yake labaran gida ne, ban so kowa ya karanta ba, sai na rubuta 'yar manhaja da hannuna na tsayar da ita a bakin ƙofa. Ita ke tambayar kalmar sirri, in an faɗa daidai ta ɗauko fayil ta miƙa. Daga wani littafin Faransanci da na sayo tun a Jidda na koyi rubuta ta.

Littafin ya ce kafin manhajar ta miƙa komai, dole ta fara aika layi ɗaya, ta bar fili, sannan kaya su biyo. Layin shi ne Content-Type: text/html. Na kwafa yadda na gan shi, aiki ya tafi, ban sake waiwayarsa ba. Ba wai ban san ma'anar kalmomin ba. Na san suna nufin irin abin da ke ciki, kuma rubutu ne. Amma ni mutum ne da ya shafe rayuwarsa yana buga wasiƙun mutane. Bahaushe ya fara da gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ko da faɗa zai yi a layi na biyu. Balarabe ya jero addu'a. Bature ya kira wanda bai taɓa gani ba abin ƙauna, Bafaranshe kuma ya rufe da dogon girmamawa ga mutumin da yake shirin kai wa ƙara. Kowace al'umma tana da layin da ake rubutawa ba a karantawa. Na ɗauka wannan ma sallamar kwamfutoci ce. Shekara biyu ina aika rubutu kawai, don haka layin bai taɓa yin ƙarya ba, ni kuma ban taɓa sanin magana yake yi ba.

Ana tsakiyar damina na tarar da imel daga Gadarif, a Sudan, da Larabci. Jikata ce ta rubuto, jikar yayata ta Gwashi. Ubanta shi ne babban ɗan Yaya. Ya tafi da niyyar hajji ta ƙasa kusan shekara talatin da suka wuce, tare da wasu maƙwabtansu, tafiyar ta tsaya a Gadarif, suka yi gona suka zauna. A can aka haife ta, ta yi karatu, tana koyarwa a makarantar 'yan mata. Mun saba a rubuce, tana kirana Kaka, ina kiran ta amaryata kamar yadda kakanni ke yi.

Wannan karon ba wasa a wasiƙar. Ta sami miji, ɗan gidan maƙwabtan nan da suka yi tafiyar tare, wanda aka goyo daga Gwashi yana jariri. Suna son juna, an kai kaya, an sa rana kafin azumi. Sai wata tsohuwar magana ta taso, wai Yaya ta taɓa shayar da ɗaya daga cikin 'ya'yan gidan. In angon ne ta shayar, to ya zama ƙanen uban amarya ta hanyar nono, aure ya haramta. In wansa ne, ba komai. Uwar yaran ta rasu, ubansu ya rasu, wan ma ya rasu. Uban amarya yana can wajen noman rani a shekarar, bai shaida ba. Malamin unguwarsu ya ce kada a ɗaura sai an ji daga bakin matar da kanta. Baffan ango, wanda shi ne waliyyinsa, ya ce takarda ba za ta ishe shi ba, kowa na iya rubuta takarda. Ya san muryar matar tun yana yaro, ita yake so ya ji. Kaset kuwa ba zai isa kafin azumi ba.

Washegari na kama hanyar Gwashi da rikodata a jaka. Mota ta sauke ni Nasarawa Burkullu, daga nan babur, ga taɓo, ga rafukan da sai an sauka an tura. Na tarar da Yaya a gindin bango tana ɓarar gyaɗa. Ta girme ni da shekara goma, gwiwoyinta sun daina kai ta ko kasuwa, amma bakinta bai tsufa ba. Da na gaya mata abin da ya kawo ni, sai ta yi dariya har ta share hawaye, ta ce ashe mutanen Gadarif ba su da aikin yi. Ta ce in jira. Ta shiga ɗaki ta sake zane, ta yafa mayafinta na zuwa suna, sannan ta zauna a gaban rikoda. Na ce mata ba a ganin mutum a ciki. Ta ce ta sani, amma da surukai za ta yi magana.

Gaisuwa ta ci fiye da rabin kaset ɗin. Ta gai da ɗanta, ta yi masa faɗan shekara talatin a taƙaice, ta gai da matarsa da ba ta taɓa gani ba, ta bi gidajen da suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Wasu na san sun rasu, ban katse ta ba. Sai can ta zo kan maganar.

"Babban nib ba nono, ba ƙaramin ba," in ji ta. "Shekarar da uwassu ta yi ciwon nono, ni ko ina goyon autata. Wata biyu ina ba shi, har cizo na ya yi. Shi wanga da kuka magana, sanda anka haife shi na yaye autata da shekara biyu. Nonon mi zan ba shi? Ku ɗaura musu aure ku bar wahal da yara."

Na koma Gummi na juye kaset ɗin a kwamfutata, na matse shi ya zama fayil ɗin sauti, na zuba a faifai. Akwatin imel na lokacin ɗan tsukuku ne, ba zai ɗauki magana mai tsawo haka ba, kuma zancen shayarwa ba na bainar jama'a ba ne. Sai na ga ai ina da ƙofa mai kalmar sirri. Ranar Alhamis na ɗora fayil ɗin a saba, ya ɗauki fiye da awa yana hawa. Da ya gama la'asar ta yi, hadari ya haɗo ta gabas, motar Gummi ta ƙarshe tana lodi. Ya kamata in buɗe in saurara kamar yadda za su buɗe a can. Ban yi ba. Na rubuta wa jikata adireshi da kalmar sirri, na ce ta tara manya, kakarta ta yi magana, na ruga tasha.

Mako ya zagayo na dawo da zaton zan tarar da godiya. Abin da na tarar ya sa na cire hulata na ajiye a kan tebur. Ta ce ta tara su kamar yadda na ce, ubanta da malam da baffan ango, ta kai su shagon intanet na kasuwa, wurin da dattawa irinsu ba sa shiga. Mai shago ya jawo musu kujeru, ya haɗa lasifika. Ta sa kalmar sirri. Ba murya ko ɗaya. Sai allon ya cika da wasu baƙaƙe, akwatuna da ƙugiyoyi da alamun tambaya, suna zubowa ba iyaka. Malam ya sa tabarau ya duba, ya ce ba Larabci ba ne, ba ajami ba ne, kuma bai yi kama da hatimin da ya sani ba. Mai shago ya buga musu shafi biyu a takarda. Baffan ango ya ninke ya sa a aljihu, ya ce shi ya gane. In da amsar mai daɗi ce da an faɗe ta a fili, an aiko wannan ne don kada a ce an ƙi amsawa. Ya ce zai jira Juma'a biyu saboda zumunci, daga nan a mayar musu da kayansu.

A ƙarshen wasiƙar ta rubuta: "Kaka, an ce ka iya harsuna da yawa. Wannan na wace ƙasa ne? Ko kishi ne ya sa ka ɓata mini aure?" Na san wasa take yi, na kuma san ba da dariya ta rubuta ba. Juma'ar farko kuwa washegari ce.

Na buɗe adireshin da kaina, na ga abin da suka gani. Zatona na farko fayil ɗin ya lalace a hanya. Na sake ɗora shi, awa guda ta tafi, baƙaƙen nan suka dawo yadda suke. Na saka faifan a kwamfutar shagon, muryar Yaya ta fito tas. Na duba nauyin fayil ɗin da ke saba da na faifan, daidai suke, ko ƙwaya ba ta ragu ba. Buhu ya isa da cikarsa, ɗinkinsa bai motsa ba, amma an buɗe an ga abin da ba shi aka zuba ba. Ranar ban koma Gummi ba. Na sauka Anka wajen wani tsohon abokina da muka yi makaranta tare, don in yi sammakon komawa Gusau. Da na ba shi labari ya ce in bar wahalar da kaina, in nemi direban da ke zuwa Maiduguri in ba shi kaset. Na ce ko tsuntsu na ba ba zai isa kafin Juma'a ta biyu ba.

A motar safe ne tsohon aikina ya dawo mini. A ɗakin teles, in saƙo ya fito a hargitse, ba jikinsa muke fara dubawa ba. Kan takardar muke kamawa, 'yan layukan nan na sama da mai saƙo bai rubuta ba kuma mai karɓa ba ya karantawa, waɗanda injuna ke gaya wa juna. Akwai hanyar da mutum zai yi magana da saba kai tsaye, ba tare da burauza ba, wato manhajar da ake buɗe shafi da ita, ya ga duk abin da sabar ke faɗa tsirara. Na nemi shafin wani gidan rediyo na waje da na san ana sauraron shirye-shiryensa a intanet, na tambayi sabarsu fayil ɗin sauti ɗaya. Kafin kayan su fara zubowa na ga layin da na sani, amma ƙarshensa daban: Content-Type: audio/mpeg. Na tambaye ta hoto, ta ce image/jpeg. Na tambayi tawa sabar muryar Yaya, ta amsa da abin da na koya mata, text/html.

Na daɗe ina kallon allon. Ashe layin irin maganar ɗan aike ce a bakin zaure, in ya ce saƙon na maigida ne, ko na cikin gida ne, ko na ɗaurawa a turke ne. Da wannan kalmar ake sanin wanda zai fito ya karɓa. Burauza tana da mai karatu, tana da mai nuna hoto, tana da mai kunna sauti, kuma layin farko ne ke gaya mata wanda za ta kira. Ni na ce mata ga rubutu nan. Ita kuwa ba ta musu, sai ta kira mai karatu, ya zauna yana karanta muryar yayata harafi bayan harafi iyakar ƙoƙarinsa. Abin da baffan ango ke yawo da shi a aljihu gaisuwar Yaya ce, watakila ma tasa.

Gyaran bai kai rubutun wasiƙa ɗaya ba. Na koya wa manhajar ta dubi ƙarshen sunan fayil kafin ta buɗe baki. In sauti ne ta ce sauti, in hoto ne ta ce hoto, in rubutu ne ta faɗi abin da ta saba. Na koma littafin Faransancin, wanda na taho da shi a jaka, na tarar duk wannan yana can a wani babi na gaba da ban taɓa kaiwa ba. A nan na ga har da abin da ake faɗa in ba a san irin kayan ba, application/octet-stream, wanda ma'anarsa a aikace ita ce ban san abin da ke ciki ba, ajiye ka buɗe da kanka. Wannan ya burge ni. Na yi aiki da mutane a ƙasa huɗu, kaɗan ne a cikinsu ke da kalmar da suka tanada domin ranar da ba su sani ba.

Wannan karon na zauna na gwada. Na sa abin ji a kunne, na buga adireshin, na sa kalmar sirri, na jira. Layin shagon yana jan ƙafa kamar jakin da aka yi wa lodi. Sai na ji kukan zakara, na ji ƙarar mayafi, na ji Yaya ta yi gyaran murya tana tambayata ko an kunna. Na saurara har ƙarshe, ban tsallake gaisuwa ko ɗaya ba.

Na rubuta wa jikata cewa ta sake buɗewa, kuma ta gaya wa baffan ango da bakina cewa laifin nawa ne, ba na Yaya ba, ba na gidansu ba. Na ce ta faɗa masa tsoho ne ya aiki ɗan aike bai gaya masa abin da ya ɗauko ba. Na kuma ce mata kishin nan gaskiya ne, amma na haƙura.

Sauran labarin daga ubanta na ji shi, a wata doguwar wasiƙa da ya sa ta rubuta mini daga baya. Baffan ango ya ƙi komawa shagon. Ya ce an zaunar da shi sau ɗaya a gaban yaran kasuwa yana kallon allo kamar mai jiran tsibbu, ba za a yi na biyu ba. Sai jikata ta sa mai shagon ya juye sautin a kaset, ubanta ya ɗauki rikoda ya tafi zauren baffan da kansa ranar Laraba da hantsi, ya biya ya ɗauko malam. Baffan bai hana su zama ba, amma ya juya gefe yana gyaran igiyar guga.

Uban amarya ya ce shi kansa bai shirya wa jin muryar ba. Kaset na ƙarshe da ya samu daga uwarsa ya fi shekara shida, kuma ya ji yadda muryar ta sirance. Yana cikin wannan sai Yaya ta iso gidan maƙwabta a jerin gaisuwarta, ta kira baffan da sunan da ake tsokanarsa da shi yana yaro, ta tambaya ko har yanzu yana tsoron shiga kwalekwale. Igiyar ta tsaya a hannunsa. Da aka zo maganar nono malam ya sa aka mayar baya aka sake ji, sannan ya tambayi baffan ko ya shaida muryar.

"Ita ce," in ji baffan. "Wagga ko zagin ka za ta yi, a gabanka taka yi. In ta ce babban na, babban na."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da takardun nan biyu, ya miƙa wa uban amarya, ya ce a mayar wa Kawu, wato ni, karatunsa. Malam ya yi addu'a, aka bar ranar yadda aka sa ta.

An ɗaura auren saura kwana tara azumi. Bayan salla hotuna suka zo, na buga ɗaya a Gusau na kai wa Yaya, lokacin hanya ta bushe. Ta riƙe shi nesa da fuskarta ta daɗe tana dubawa. Ta ce amaryar ta ɗauko hancin gidanmu, Allah ya ba ta haƙuri, angon kuma goshin uwarsa ne sak. Ta tambaya ko sun ji duk gaisuwar ko na yanke. Na ce sun ji duka. Ta ce to waɗanda ba su amsa ba fa? A ranar na zauna na gaya mata waɗanda suka rasu, ɗaya bayan ɗaya, tana yi wa kowa addu'a.

Yaya ta rayu shekara huɗu bayan haka, ta ga hoton ɗan jikarta na fari. Maganar da aka shekara talatin ana raɗawa a gidajen nan biyu, wai yaron ya sha nonon Yaya, ta ƙare a zauren baffan ranar Larabar nan, kuma ba wanda ya sake ta da ita. Gida biyu da suka bar Gwashi suna maƙwabta, yanzu dangi ne.